Yadda Za Ka Ci Kayan Zaƙi Ba Tare Da Ka Cutar Da Lafiyarka Ba

Yawancin masu son gyara cin abincinsu da kayan zaƙi suke fara faɗa. Sai mutum ya ɗauki alkawarin ya bar kek da cakulan da ayiskirim har abada, ya daure sati biyu ko uku, ranar da kwaɗayi ya ci ƙarfinsa kuma ya zauna ya ci fiye da yadda ya saba. Hanin da ya yi tsanani ba ya ɗorewa. Abin da ke ɗorewa shi ne ka san iya sukarin da jikinka zai ɗauka a rana, ka gano inda yake zurarewa ba da saninka ba, ka toshe wannan ɓarakar, sannan ka ba abin zaƙin da kake so da gaske gurbinsa, a lokacin da ka tsara kuma daidai gwargwadon da ka auna.

Mataki na farko: san kasonka

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), kuma in aka mayar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi alheri. Ga babban mutum mai cin kalori 2,000, kashi 10 ɗin nan giram 50 ke nan, wato ƙaramin cokali kusan 12. Kashi 5 kuwa giram 25, cokali 6. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta matse hannu fiye da kashi 10 ɗin nan: giram 25 ga mace, giram 36 ga namiji.

Riƙe lambobi biyu a ka, za su yi maka aiki kullum. Ƙaramin cokali ɗaya a shafe yana ɗaukar sukari kimanin giram 4, kuma kowane giram na sukari kalori 4 ne. Duk inda ka ga giram ɗin sukari a rubuce, raba shi gida huɗu, ka ga cokali nawa ne.

Wane sukari ake lissafawa? Wanda aka zuba a masana'anta, ko a kicin, ko a kan tebur, haɗe da zuma, da sirop (ruwan sukari mai kauri), da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Sukarin da ke cikin ɗan itace cikakke wanda za ka tauna, da wanda ke cikin madara tun asali, ba sa cikin lissafin. Wannan bambancin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: gano inda kason ke tafiya

Ɗauki kwana uku, biyu na aiki ɗaya na hutu, ka rubuta duk abin zaƙin da ya shiga bakinka, har da abin sha. Kada ka canza komai a kwanakin, rubutu kawai.

Abin da ke fitowa a irin wannan lissafi yakan ba mutane mamaki. Kofin shayi uku a rana, kowanne da cokali biyu, giram 24 ne. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Haɗa su, giram 59, an riga an wuce iyakar rana tun ba a taɓa ko biskit ɗaya ba. Kuma sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, mutum zai sha shi ya kuma ci abincinsa cikakke kamar bai sha komai ba.

Saboda haka daga abin sha za a fara yanka. A shayi, rage rabin cokali, ka zauna a haka sati ɗaya ko biyu har harshe ya saba, sannan ka sake ragewa. Wanda ya tsallaka daga cokali uku zuwa babu a rana ɗaya, shayin zai yi masa salam, ya koma gidan jiya. Lemon kwalba kuma ka ɗauke shi a matsayin kayan zaƙin ranar: in ka sha, ka ci rabonka, babu kek a bayansa.

Sai karanta takardar jikin kaya. Dubi layin sukari a kowane giram 100, kada ka tsaya kan abin da kamfani ya kira ci ɗaya, domin sau da yawa cin ɗayan nasu bai kai abin da mutum ke ci a zama guda ba. Ma'aunin da ake aiki da shi a Birtaniya yana da sauƙin riƙewa: abin da ya haura giram 22.5 a giram 100 mai sukari da yawa ne, giram 5 zuwa ƙasa kuwa mai kaɗan ne. Jerin kayan haɗi ana rubuta shi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in sukari ya zo cikin ukun farko ka san da shi aka gina abin. Lura da dabarar rarraba shi da sunaye daban-daban, gulukos, furuktos, maltos, sirop na masara, ta yadda kowanne zai sauka ƙasa a jerin alhali in an tara su sun fi komai yawa.

Mataki na uku: lokaci

Ka ci abin zaƙi a ƙarshen cikakken abinci. Dalilan uku ne, kuma kowanne ya isa.

Idan ciki na ɗauke da furotin da kitse da kayan lambu, abinci yana fita daga tumbi zuwa hanji a hankali, sukarin ya shiga jini da kaɗan-kaɗan. Irin wannan yankan kek ɗin a cikin da babu komai zai ɗaga sukarin jini da sauri, bayan awa biyu ya sauko, kasala da sabuwar yunwa su biyo. Na biyu, mai yunwa ba ya iya auna hannunsa, ƙoshi ne ke sa ƙaramin yanki ya gamsar.

Na uku haƙori ne, kuma shi aka fi mantawa. Ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna cin sukari su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye farin rufin haƙorin. Kowane lokaci da zaƙi ya shiga baki, yawu na buƙatar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya wanke tsamin. Wanda ya ci alewa goma a zama ɗaya ya jawo wa haƙoransa farmaki sau ɗaya, wanda ya tsotsi ɗai-ɗai daga safe zuwa yamma ya jawo sau goma. A wajen haƙori yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Mafi muni su ne masu danƙo da ke liƙewa a tsakanin haƙora, da abin zaƙin da aka ci dab da barci, domin yawu yana raguwa sosai idan an yi barci. Bayan ka ci, kuskure baki da ruwa. In abin mai tsami ne, kamar lemo, jira kamar minti 30 kafin ka sa buroshi, sannan ka goge da man goge baki mai fuloraid.

In da hali, taka ƙafa minti 10 zuwa 15 bayan cin. Tsokar da ke motsi tana janye sukari daga jini.

Mataki na huɗu: auna kafin ka zauna

Ga mai lafiya, abin zaƙi mai kalori 150 zuwa 200 da sukarin da bai wuce giram 15 ba yana shiga tsarin rana cikin sauƙi, matuƙar an gyara abin sha. A aikace, wannan shi ne ludayin ayiskirim ɗaya, giram 60 zuwa 70, ko cakulan giram 25 zuwa 30, ko ƙananan biskit biyu, ko siririn yankan kek.

Zuba a ƙaramin kwano, mayar da sauran ma'ajiyarsa, sannan ka zauna ka ci da ƙaramin cokali, waya a ajiye, talabijin a kashe. Ci daga cikin roba ko leda kai tsaye ba shi da birki, hannu ba ya tsayawa sai ya taɓa ƙasa. Akwai kuma abin da masu binciken cin abinci suka daɗe da tabbatarwa: daɗin ɗanɗano ɗaya yana raguwa yayin da ake ci, lomomin farko su ne mafi daɗi. Shi ya sa tebur mai kayan zaƙi iri biyar ke sa a ci fiye da kima, kowane sabon ɗanɗano yana tayar da sha'awa daga farko. A wajen taro, zagaya da ido tukuna, zaɓi guda ɗaya da ya fi burge ka, ka bar sauran.

Kek ɗin da aka gasa a gida a yanka shi da zarar ya huce, a naɗe kowane yanki daban, a sa a firiza. Yana kai wata biyu zuwa uku lafiya lau, kuma jiran ya saki kaɗai ya isa ya raba kwaɗayin gaske da na wucewa.

Mataki na biyar: rage sukari a girki ba tare da an ɓata shi ba

Nan ne ake yawan yin asarar fulawa da ƙwai, domin ana ɗauka zaƙi ne kaɗai aikin sukari. A kek, idan aka buga shi da bota, ƙwayoyinsa ne ke huda botar su tara iska, iskar ce ke sa kek ya tashi. Shi ke riƙe danshi, shi ke hana fulawa yin tauri, shi ke ba saman kek launin ja-ja. Duk wanda ya cire shi da yawa zai fitar da kek fari fat, mai nauyi, wanda zai bushe washegari.

Fara da rage kashi ɗaya cikin huɗu. In tsarin ya ce giram 200, zuba 150. Da wuya wani ya lura. In ya yi daidai, karo na gaba rage kashi ɗaya cikin uku, wato ka zuba wajen giram 135. Daga nan ka tsaya, sai dai in akwai ɗan itace a cikin ƙullin. Ƙara babban cokali ɗaya ko biyu na madara ko yogot don maye danshin, kuma ka fara duba kek ɗin minti biyar kafin lokacin da aka rubuta, da tsinke za ka gwada, kada ka jira launi domin ba zai yi ja kamar da ba. Biskit mai ƙarancin sukari ba ya bajewa a faranti, ka danne shi da cokali kafin ya shiga obin.

Akwai inda ba a taɓa sukari sosai. A ayiskirim, shi ne ke hana haɗin daskarewa gaba ɗaya. In ya yi kaɗan sai ka samu dunƙulen ƙanƙara da cokali ba ya shiga. A jam, shi ne ke sa ya kama jikinsa kuma ya hana shi lalacewa, jam mai ƙarancin sukari sai a firij, a cinye shi cikin sati ɗaya ko biyu. Farin ƙwan da ake bugawa ya yi kumfa kuwa rushewa yake in babu isasshen sukari. Irin waɗannan a yi su yadda suke, a rage girman abin da ake zubawa a kwano. Kastad da fudin da haɗin 'ya'yan itace su ne masu haƙuri, ana iya raba sukarinsu biyu.

Wasu abubuwa na sa harshe ya ji zaƙi fiye da yadda yake: ɗan gishiri a bakin yatsa biyu, banila, kirfa, ɓawon lemo da aka goga. Ɗumi ma haka. Sanyi yana dushe zaƙi, shi ya sa ayiskirim da ya narke ke zama kamar sirop. Ka ba da kek ko gasasshen ɗan itace da ɗuminsa, za a ji shi ya fi zaƙi.

Kada a manta da kitse. Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, ya ninka na sukari har da ɗoriya, kuma a kek da yawa bota ce ke ɗauke da kaso mafi girma na kalorin. Ana iya maye rabinta da yogot ko markaɗaɗɗiyar ayaba. In aka maye duka, kek zai yi danƙo. Fulawar alkama mai dusa kuma a sa ta a madadin kashi ɗaya cikin uku na farar fulawa, a ƙara ɗan ruwa domin tana shan ruwa da yawa, a bar ƙullin ya huta minti goma.

Ga kek ɗin ayaba da aka gina a kan waɗannan ƙa'idoji. Kayan haɗi: ayaba uku da suka nuna har bawonsu ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, wajen giram 300 bayan an ɓare, fulawa giram 200, ƙwai 2, mai mililita 60, yogot marar sukari giram 100, sukari giram 60, bekin foda ƙaramin cokali 2, kirfa ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri. A kunna obin ya kai digiri 180. A dame ayabar da cokali mai yatsu, a zuba ƙwai da mai da yogot da sukari a kaɗa. A wani kwano a haɗa fulawa da bekin foda da kirfa da gishiri, a juye a kan mai ruwan, a juya kawai har farin fulawa ya ɓace. A zuba a gwangwanin burodi da aka shafa wa mai, a gasa minti 45 zuwa 50. In an yanka gida 12, kowane yanki na da sukarin da aka zuba giram 5 da kalori wajen 160. In ya fito da tauri, an yi masa yawan juyi. In tsakiya ta lotsa, ko dai an buɗe obin da wuri, ko bai gama gasuwa ba, ko ayabar ta wuce awo. In ya yi lami, ayabar ba ta nuna ba. Wannan kek ɗin da nunar ayaba ya dogara, kada a yi shi da mai kore-kore.

Mafi sauƙi kuma: a yanka nunanniyar ayaba ƙanana, a shimfiɗa a faranti kada su haɗu, a sa a firiza aƙalla awa shida. A fito da ita, a bari minti biyar, a niƙa a bilenda da madara babban cokali biyu ko uku. Da farko za ta yi ɓarɓashi, a kankare gefen a ci gaba, za ta koma laushi kamar ayiskirim. A ci nan take, in aka mayar da ita firiza ƙanƙarewa take. Cokali ɗaya na hodar cakulan marar sukari yana canza ta gaba ɗaya.

Yogot kuwa saya marar sukari ka zuba naka. Sukarin madara da ke cikinsa giram 4 zuwa 5 ne a giram 100, duk abin da ya haura haka a mai ɗanɗano ƙari ne. Yogot giram 150, yankakken ɗan itace, 'yar soyayyar gyaɗa ko kashu, da zuma ƙaramin cokali ɗaya, ka samu abin zaƙi mai furotin da ke riƙe ciki.

Mataki na shida: kula da kayan zaƙin da ake ɗauka marasa illa ne

Zuma sukari ce a wajen jiki, babban cokali ɗaya na da wajen giram 17. Amfaninta a girki shi ne ƙamshinta na sa kaɗan ta isa. Sukari mai launin ƙasa bai bambanta da fari ba sai a ɗanɗano. Busassun 'ya'yan itace irin su zabibi fiye da rabin nauyinsu sukari ne kuma suna liƙe wa haƙori, ɗan abin da tafin hannu zai ɗauka ya isa. Ruwan lemo da aka matse ya rasa dusar da ke rage saurin shigar sukari jini, kuma kofi ɗaya yana cin lemo biyu ko uku, abin da ba kowa zai zauna ya tauna ba.

Baƙin cakulan mai kashi 70 cikin ɗari na koko (ƙwayar da ake yin cakulan da ita) yana da sukari kusan rabin na mai madara, kuma ɗacinsa na sa a tsaya da wuri. Amma kalorinsa na kai wajen 600 a giram 100, yana kuma da kafeyin, wanda barci ke wa wuya ya guje shi da dare.

Kayan da aka rubuta wa "babu sukari" a duba jerin haɗinsu. Da yawa da sobitol ko maltitol aka zaƙaƙa su, waɗanda hanji ba ya tsotse su duka, in aka ci da yawa sai kumburin ciki da gudawa. Wanda aka rubuta wa "marar kitse" kuma sau da yawa an cike gurbin kitsen da sukari. Game da sinadaran zaƙi marasa kalori, a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba, ko da yake shawarar ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba. A ganinmu babbar matsalarsu ita ce suna barin harshe a kan sabonsa na zaƙi mai ƙarfi, alhali saukar da wannan sabon shi ne aikin.

Yara, masu ciwon sukari, da ranar da aka zarce

Yaron da bai kai shekara 2 ba kada a ƙara masa sukari a komai, kuma jaririn da bai cika wata 12 ba ba a ba shi zuma ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai fitar da dafin da ke shanye jiki, hanjinsa kuwa bai yi ƙwarin da zai kare kansa ba. Ga manyan yara, kada a mayar da alewa ladan cin kayan lambu ko toshiyar bakin mai kuka. Yin haka yana koya wa yaro cewa abinci wahala ne, zaƙi ne sakamako. A sa wa kowa ƙaramin rabo iri ɗaya bayan abinci, ba tare da sharaɗi ba.

Mai ciwon sukari ba sukarin kaɗai zai lissafa ba, har da sitacin fulawar da ke cikin kek, domin shi ma sukari yake komawa a jini. Hanyar da aka saba ita ce musaya: a rage sitacin babban abincin daidai da abin da za a ci na zaƙi. A auna sukarin jini kafin ci da kuma awa biyu bayansa don a ga yadda jikin ya karɓa. Wanda ke allurar insulin ko shan maganin da ke iya faɗar da sukari ya tsara wannan da likitansa tukuna.

In kuma rana ta zo aka ci fiye da awo, kada a rama da ƙin karin kumallo washegari. Tsallake abinci shi ne ke haifar da yunwar yamma da ke sake jefa mutum cikin kwalin biskit. Ci abincinka na gaba a kan lokaci, mai furotin da kayan lambu, ka sha ruwa. In ka ga kwaɗayin na zuwa kullum a lokaci ɗaya, duba abubuwa biyu: abincin ranarka ko yana da isasshen furotin, da kuma barcinka, domin wanda ke kwana ƙasa da awa bakwai ya fi neman zaƙi washegari. Wanda kuwa ci ke kufce masa akai-akai, yana ci a ɓoye har ya ji ba zai iya tsayawa ba, ko yake tilasta wa kansa amai bayan ya ci, wannan ya wuce batun awon cokali, ya ga likita ko ƙwararre kan abinci.